Baƙin Yashin Nilu da Maganar Asali

Kogin da ake kira Shuɗin Nilu ba shuɗi ba ne. Sunan ya biyo kalmar Larabci azraƙ, wadda a bakin mutanen Sudan takan ɗauki ma'anar baƙi ko mai duhu, kuma duk wanda ya ga kogin a watan Agusta, sa'ad da ya cika ya tumbatsa, zai gane dalili. Daga Tafkin Tana na ƙasar Habasha yake tasowa, ya keta duwatsu ya gangaro, ya shigo Sudan ta Rusairis da Damazin, ya wuce Sinja da Sinnar da Wad Madani, sa'an nan ya gamu da Farin Nilu a Khartum. Fiye da rabin ruwan da ke isa Masar nasa ne, haka ma mafi yawan laka. Filin da ke tsakanin kogunan biyu shi ne Jazira. Baƙar ƙasarsa, mai danƙo da damina, mai tsagewa da rani, garin duwatsun Habasha ce da kogin ya yi dubban shekaru yana jibgewa.

Idan ruwa ya janye bayan kaka, akan ga wasu baƙaƙen layuka kwance a kan yashin gaɓa, kamar an zizara kwalli. Yaro ya ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika ya ja shi a kan layin, sai ya taso da gemu baƙi ƙirin, tsinke-tsinke a tsaye. Hausawa na da suna biyu ga abin da ke hannun yaron: maganaɗisu, wanda aka aro daga Larabci, da mayen ƙarfe, wanda harshen ya ƙera da kansa, domin yana kama ƙarfe ba tare da an ga hannun da ya kama ba. Baƙin yashin da ya maƙale kuwa, akasarinsa wani ma'adini ne da masana ke kira magnetayit, watau ƙarfe da iskar oksijin haɗe, ƙwayar zarra uku ta ƙarfe ga huɗu ta oksijin. Nauyinsa ya kusa ninka na farin yashi, shi ya sa ruwa kan kwashe farin ya bar shi a baya, kamar yadda mai sheƙa ke raba tsaba da ƙaiƙayi.

A bakin wannan kogi akwai ƙauyukan da ake jin Hausa a kasuwa da masallaci da gindin murhu. Hanyar hajji ce ta fara kawo mutanen yamma nan, wasu suka zauna neman guzuri, zaman ya zarce. Babbar ƙaura kuwa ta biyo yaƙin Burmi na watan Yuli 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka sauka kudu da Sinnar, a garin da har yau ke ɗauke da sunansa. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai aikin haƙa magudanai da cirar auduga ya jawo ƙarin mutane daga Kano da Sakkwato da Katsina da Borno. Wasu sun sami gonar haya, wadda ake kira hawasha. Da yawa kuwa sun zauna a unguwannin 'yan ƙwadago na gefen gonaki, waɗanda ake kira kambo. Mutanen ƙasar sukan haɗa su duka da Fulani su ce Fallata.

A ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kudu da Sinnar akwai wani malamin kimiyya na makarantar sakandare, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Kakan mahaifinsa yana cikin waɗanda suka biyo ayarin Burmi, ya iso da masaba da awartaki, amma bai iso da ramin tama ba. A ƙasar Hausa maƙeran baƙi sukan haƙo jar tama a gindin duwatsu irin su Dala, inda aka daɗe ana narkar ƙarfe tun kafin Kano ta zama birni, su gina murhun laka su zuba gawayi su kwana suna tsaronsa. A Jazira kuwa laka ce shimfiɗe iyakar ganin ido, mutum zai yi yini yana tafiya bai yi tuntuɓe da dutse ba. Saboda haka zuriyar ta koma ƙera fartanya da lauje da gatari daga tarkacen ƙarfen mota da na jirgin ƙasa, kalmar tama ta zauna a bakin tsofaffi kaɗai.

Tun yana yaro malamin ya lura da wani abu a maƙerar mahaifinsa. Duk lokacin da aka fito da ƙarfe ja zur daga wuta aka ɗora a kan uwar maƙera, wani baƙin ɓawo kan riƙa zubowa da kowane bugu. Ya kai maganaɗisunsa, ɓawon ya maƙale kamar yadda yashin kogi ke maƙalewa. Ya tambayi uban ko abu ɗaya ne. Tsohon ya ce, "Yaro, ƙarfe duk ɗaya ne. Wutar da ya sha ce ke bambanta shi." Shekaru bayan haka, yana karatun ilimin duwatsu a Khartum, ya tarar cewa ɓawon maƙera shi ma akasarinsa magnetayit ne, iskar da ta taɓa ƙarfe mai zafi ce ta haife shi cikin ƙiftawar ido. Ya kuma tarar cewa maganar tsohon ita ce tambayar da masana ke ta kai da kawo a kanta: ma'adini ɗaya, kama ɗaya, amma hanyoyin haihuwa dabam-dabam. To, ta yaya za a gane wace hanya kowace ƙwaya ta biyo?

Hanyoyin sanannu ne. Ta farko ita ce wutar cikin ƙasa. Kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce ƙasar Habasha ta tsage, narkakken dutse ya kwararo ya rufe ta shimfiɗa bisa shimfiɗa, har kaurinsa ya kai kilomita 2 a wasu wurare. Yayin da yake hucewa daga zafin da ya zarce digiri 1,000, ƙananan ƙwayoyin magnetayit suka tsiro a cikinsa, da ɗan ma'adinin titaniyam a jikinsu. Su ne ruwan sama ke zaizayowa, kogi ya kawo su Sinnar. Ta biyu ita ce ruwan zafi mai gishiri da ke yawo a tsagogin dutse ɗauke da narkakken ƙarfe, ya sauke shi inda ya huce. Ta uku ita ce ruwan sanyi: a gindin tsofaffin tekuna, fiye da shekara biliyan biyu baya, ƙarfe ya kwanta layi-layi, kuma daga irin waɗannan duwatsu na Ostareliya da Brazil duniya ke samun mafi yawan tamarta a yau. Ta huɗu ita ce rai. A 1975 wani ɗalibin bincike a Amurka, Richard Blakemore, ya duba lakar fadama a madubin ƙara girma, ya ga ƙwayoyin bakteriya suna iyo duk zuwa arewa. Ashe kowace tana ƙera 'yan ƙwayoyin magnetayit a cikinta, ta jera su kamar carbi, su zama allurar da ke nuna mata hanya.

Abin da ke taimakawa wajen rarrabe su shi ne aisotof. Kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe tana da furoton 26 a cibiyarta, wannan ne ya sa ta zama ƙarfe. Amma adadin niyutiron ya bambanta: wata 28, wata 30, wata 31, wata 32. Don haka ƙarfe 'yan'uwa huɗu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, hali ɗaya, nauyi ne kawai ya raba su, ana kiransu da lambar nauyinsu: 54, 56, 57 da 58. Na 56 shi ne babban gida, kusan 92 cikin ɗari. Na 54 bai cika 6 cikin ɗari ba, na 57 ya ɗan haura 2, na 58 kuwa bai kai ko rabin ɗaya ba. Frederick Soddy ne ya shigar da kalmar aisotof cikin kimiyya a 1913, amma sai wajen shekara ta 2000 aka sami na'urorin da ke iya auna bambancin na ƙarfe yadda ya kamata. Ana narkar da ƙwayar ma'adinin a ruwan asid, a tace ƙarfen shi kaɗai, a fesa shi cikin wata wuta mai tsananin zafi, sa'an nan a bi da shi ta gaban babban maganaɗisu. Marar nauyi yakan fi karkacewa, mai nauyi ya fi miƙewa, kowane ya faɗa ma'ajinsa a ƙirga. Abin da ake nema shi ne yawan 56 a kan 54, idan an gwada da wani ƙarfe da duk ɗakunan gwaji suka amince ya zama mudu. Bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, ana faɗinsa da kashi cikin dubu, sau da yawa ma bai cika kashi ɗaya ba.

Dalilin bambancin yana cikin yadda ƙarfe ke riƙe maƙwabtansa. Ƙarfe na zama a hali biyu: wanda ya saki elektiron biyu, da wanda ya saki uku. Na biyun, wanda shi ne ke cikin tsatsa, riƙonsa ya fi ƙarfi, kuma riƙo mai ƙarfi ya fi son aisotof mai nauyi. Na farkon shi ne mai narkewa cikin ruwa ya yi tafiya, kuma yakan tafi da marar nauyi. A cikin magnetayit akwai duka biyun, kashi biyu na mai uku, kashi ɗaya na mai biyu. Zafi kuma yana da nasa hukunci: idan ya tsananta zaɓen yakan ragu, idan ya sauka zaɓen ya ƙaru. Saboda haka magnetayit ɗin da ya tsiro a narkakken dutse yakan tsaya kusa da ma'aunin dutsen, ya ɗan fi shi nauyi kaɗan, galibi ƙasa da rabin kashi cikin dubu sama da mudu. Wanda ruwa mai sauƙin zafi ya sauke yakan faɗo ƙasa da haka, har ya kasa mudu. Wanda ya bi ta hannun ƙananan halittu a laka kuwa ma'auninsa yakan warwatsu, domin su ma suna zaɓe yayin da suke narkar da ƙarfe.

Wannan awo ya taɓa shiga tsakanin masu gardama. A Kiruna, can arewacin Sweden, akwai ɗaya daga cikin manyan ramukan magnetayit na duniya, kuma masana sun shafe kusan ƙarni suna jayayya a kan ko wuta ce ta haife shi ko ruwa. A dutsen El Laco na ƙasar Chile ma haka, inda baƙar tama ke kwance kamar ta kwararo daga bakin dutse mai aman wuta. A 2019 wasu masana ƙarƙashin Valentin Troll na Jami'ar Uppsala suka auna aisotof na ƙarfe da na oksijin a samfura daga Sweden da Chile da Iran, suka bayyana cewa mafi yawansu na ɗauke da shaidar zafin narkakken dutse. Amfanin wannan bai tsaya a littafi ba, domin wanda ya san yadda tama ta samu ya san irin dutsen da zai je ya nemi wata.

Malamin ya daɗe yana koyar da wannan cikin natsuwa, da maganaɗisun lasifika da kwalabe biyu, ɗaya ta yashin kogi, ɗaya ta ɓawon maƙera. Sai shekarar 2022 ta zo. A watan Yuli rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu daga cikin maƙwabtansu, a Rusairis da kewayenta, bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu kuma suka ce sarauta ta mai ƙasa ce, baƙo ba shi da ita. A watan Oktoba wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi. Mutane ɗaruruwa suka mutu daga ɓangarorin, dubbai suka bar gidajensu, wasu suka gangaro jihar Sinnar suka sauka a makarantu da gidajen dangi. Mutanen da aka haifi kakanninsu a bakin kogin suka wayi gari ana tambayarsu daga ina suka zo. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, ana nufin ba ya daɗewa. To, wace irin raɓa ce ke shekara ɗari da ashirin rana ba ta ɗauke ta ba?

A cikin waɗanda suka gudo akwai wata yarinya da aka sa a ajin malamin. Ba ta cika magana ba. Ranar da ya yi bayanin na'urar da ke gane asalin ƙwayar yashi, ta jira har aji ya watse, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ustaz, tunda akwai injin da ke faɗin asalin dutse, me ya hana a kawo shi ya auna ƙasar gonarmu, a san ko ta wane ne?"

Tambayar ba ta wauta ba ce, kuma malamin bai ɗauke ta haka ba. Ya san akwai amsa mai daɗin faɗi: ya ce mata ƙasar Jazira kanta baƙuwa ce, daga Habasha ta zo, don haka kowa baƙo ne. Maganar gaskiya ce a ilimin duwatsu, amma ya ga ba za ta mayar wa kowa da gona ba, kuma mutanen da ke can gefe guda na rikicin, waɗanda kakanninsu suka zauna a tuddan nan tun kafin daular Funj ta kafu a Sinnar a farkon ƙarni na 16, suna da nasu tsoron rasa ƙasa da ba za a kore shi da wasan kalmomi ba. Sai ya ce mata, "'Yata, injin nan ba ya faɗin mai abu. Yadda abu ya samu yake faɗi, ko a wuta ko a ruwa. Ko garin da ya fito ma ba kullum yake iya faɗi ba."

Wannan kuwa haka yake. Masu binciken kayan tarihi sun gwada, sun ga narka tama da ƙera ta ba sa canza ma'aunin aisotof ɗinta ƙwarai, watau fartanya na riƙe da shaidar ramin da aka haƙo ta. Amma sun kuma ga ramuka masu nisa da juna sukan ba da ma'auni iri ɗaya, domin hanyar samuwarsu ɗaya ce. Baƙin yashin da ya fito daga duwatsun Habasha da wanda ya fito daga makamantansu a wata nahiya za su iya zama ba a rarrabe su da wannan awo kaɗai, sai an haɗa da wasu shaidu: yawan titaniyam, aisotof na oksijin, siffar ƙwaya, da dutsen da aka same ta a ciki. Masani na gaskiya ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya, kuma ba ya tambayar ma'auni abin da ba a yi shi dominsa ba. Kalmar asali a Hausa ta ɗauki abu biyu, inda mutum ya fito da kuma yadda aka yi ya zama abin da yake. Aisotof na amsa na biyun. Na farkon, idan ya zama maganar gona da sarauta, sai dai mutane su zauna su warware shi da takardu, da shaidar dattawa, da kaburbura, da magudanan da kowa ya san hannuwan da suka haƙa su, da dokar da ta ce ɗan ƙasa ɗan ƙasa ne.

Yarinyar ba ta ji daɗin amsar ba, kuma malamin bai yi ƙoƙarin sa ta ji daɗi ba. Abin da ya yi shi ne ya ba ajin aiki: kowa ya je ya zauna da mafi tsufa a gidansu, ya rubuto sunayen garuruwan da gidan ya zauna, da sana'ar da aka yi a kowane, da inda aka binne wane da wance. Ya ce su rubuta da Hausa ko da Larabci, wanda ya fi zama musu daidai. Takardun da suka dawo sun ambaci Sakkwato da Haɗeja da Fort Lami da El Obeid, amma mafi yawan layukan kowace takarda sunayen ƙauyukan bakin kogin ne, tsara uku, tsara huɗu. Tata takardar ta fi ta kowa tsawo, domin kakarta ta tuna har sunan rijiya.

Bayan haka babban yaƙi ya zo, wanda ya fara a Khartum a Afrilu 2023, ya ci Wad Madani a Disamba na shekarar, ya iso Sinja a tsakiyar 2024, ya rufe makarantu, ya mai da masu masauki su ma 'yan gudun hijira. Kogin kansa ya shiga wani sabon hali. Madatsar Rusairis, wadda aka gama a 1966 aka kuma ƙara mata tsawo a 2013, ta daɗe tana tare laka. Babbar madatsar da Habasha ta gina kusa da iyaka, wadda aka fara cika ta a 2020 aka kuma buɗe ta a Satumba 2025, tana tare fiye da haka, kuma abu mai nauyi shi ke fara nutsewa idan ruwa ya tsaya. Masu kula da magudanan Jazira, waɗanda ke fama da yashe laka kowace shekara, za su sami sauƙi. Masu yin jan bulo a gaɓa da masu noman bakin kogi, waɗanda sabuwar laka ce jarinsu, cikinsu har da Hausawa da yawa, su ne za su ji a jikinsu. Baƙin yashin da ke gaɓar Sinnar a yau ya riga madatsar sauka, kuma wanda zai biyo bayansa zai ragu.

Malamin ya bar kwalabensa a makaranta ranar da suka fita, domin mai gudu ba ya ɗaukar yashi. Takardun ɗaliban kuwa ya naɗe su a leda, ya sa a ƙasan jakarsa tare da takardun haihuwar 'ya'yansa.